Daga Azara Zuwa Alminiyam: Tarihin Taga a Arewacin Zazzau

Duk wanda ya bi garuruwan Ikara da Makarfi da Hunkuyi, hedikwatar Kudan, zai ga sababbin gidajen bulo sun jeru da tagogin alminiyam masu zamiya. Idan ya matsa kusa zai tarar da wata ta ƙi rufuwa, wata an tokare ta da tsinke, wata kuma ragarta ta yage. Magidanta kan ɗora laifin a kan mai haɗawa ko a kan kayan zamani. Tarihin taga a wannan yanki yana nuna wani dalili na daban, wato ɓacewar al'adar gyaran gida ta shekara-shekara.

A ginin gargajiya na ƙasar Zazzau taga 'yar ƙaramar kafa ce can sama kusa da rufi, a jikin bango mai kauri da aka tayar da tubali. Ana gitta azara a samanta don ta ɗauki nauyin ƙasa, azarar kuwa daga giginya ake tsago ta saboda gara ba ta cika cin ta ba. Ƙanƙantar tagar tana da hikima: tana tsare sirrin gida, tana rage ƙurar hunturu, tana kuma barin ɗaki da sanyi a bazara. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarim, tsakanin 1834 da 1846, shi ne ƙololuwar wannan fasaha.

Irin wannan gini yana da lokacin gyara da kowa ya sani. Da bazara ta kawo jiki sai a yi yaɓe, a shafe soro da makuba ta kwasfar ɗorawa, a buɗe indararo don ruwa ya sami hanya. Magidancin da ya yi sakaci, damina ce za ta hukunta shi, kuma maƙwabta za su gani.

Sauyi na farko ya biyo layin dogo da ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911. Jirgin ƙasa ya kawo kwanon rufi da siminti da ƙusa da katakon kudu. Sannu a hankali taga ta faɗaɗa, kafinta ya yi mata marfin katako, sai gara ta zama abokiyar gaba. Daga baya masu walda suka shigo da tagar ƙarfe, gine-ginen gwamnati da makarantu kuma suka yi yayin gilasai masu jere da ake ɗagawa da mariƙi. Ƙarfe yana tsatsa, don haka ya zo da nasa sharaɗin na fenti a kai a kai. Har zuwa nan kowace taga tana sanar da mai ita lokacin da take buƙatar hannu, ko da garin katako a ƙasa, ko da jan tsatsa.

Alminiyam ya zo ta wata hanya. A ƙarni na 19 ƙarfe ne mai tsada ƙwarai, har Amurkawa suka ɗora ɗan curinsa a ƙolin hasumiyar tunawa da Washington a 1884. A 1886 Charles Hall a Amurka da Paul Héroult a Faransa, kowa da kansa, suka gano yadda za a tace shi da lantarki, farashinsa ya faɗi warwas. A gidan Bahaushe ta madafa ya fara shiga, a matsayin tukunyar da ake kira ta dalma, wadda maƙera ke zubawa daga tarkacen da suka narka, domin yana narkewa a zafin digiri 660 kacal. Najeriya ta yi yunƙurin tace nata: masana'antar ALSCON ta Ikot Abasi ta fara aiki a 1997, ta tsaya a 1999, aka sayar wa kamfanin Rusal na Rasha a 2007, ta kuma shafe shekaru cikin shari'a. Rashin tsayuwarta na daga cikin dalilan da farashin taga ke bin dala, ko da a Zariya ko Kano aka yanka sandunan aka haɗa.

Abin da ya sayar da wannan taga a yankin rake da tumatir, inda kuɗin kaka kan koma gini, shi ne cewa ba ta tsatsa, gara ba ta ci, nauyinta kuma kusan kashi ɗaya cikin uku ne na ƙarfe. Duk gaskiya ne. Da zarar alminiyam ya haɗu da iska yakan yi wa kansa wata siririyar fata da ke kare shi. Amma jama'a sun fahimci maganar a kan cewa tagar ba ta buƙatar kulawa, alhali firam ɗin kaɗai ke da wannan juriya. Tayoyin da take gudu a kansu na roba ne, haka abin da ke riƙe gilashi, haka gashin da ke toshe gefe, kuma zafin Maris da Afrilu yana busar da su.

Lalacewar tana bin yanayi. Hunturu ya cika layin taga da ƙura, taya ta riƙa niƙa yashi har ta cinye, sai a fara jan taga da ƙarfi, firam ya karkace, makulli ya daina kamawa. Wasu kan zuba baƙin mai ko giris, ƙura ta manne ta zama taɓo. A ƙasan firam akwai 'yan ƙananan huji na fitar ruwa, aikinsu ɗaya da na indararo. Idan sun toshe, ruwan Agusta zai cika layin ya gangara cikin bango, fenti ya kumbura. Ɗanyen siminti da soda irin ta haɗa sabulu suna cin fatar alminiyam, sukurun baƙin ƙarfe kuma yana cinye shi a inda danshi ya zauna. Ragar da ta yage kuwa ƙofa ce ga sauro a watannin da zazzaɓin cizon sauro ya fi kwantar da yara. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Gyaran bai fi ƙarfin mutanen gida ba. Bayan hunturu a ɗaga ganyen taga a fitar da shi, a share layin da busasshen buroshi, a wanke da ruwa da sabulu mara kaifi, a bar shi ya bushe ba tare da mai ba. A duba tayoyi, wadda ta goge a kai wa mai alminiyam samfurinta a sayo irinta. Kafin ruwan farko a zura tsinke a buɗe hujin ruwa, a sake robar da ta tsattsage, a cike tsagar da ke tsakanin firam da bango da silikon, a canza raga. Gilashin da ya tsage da firam da ya lanƙwashe su ne aikin gwani.

Magina na dā sun bar wa wannan yanki jadawali mai sauƙi: a duba gida bayan ƙura, a shirya shi kafin ruwa. Tagar alminiyam ta shiga gidajen Ikara da Makarfi da Kudan ba tare da an sa ta cikin wannan jadawali ba. Magidancin da ya mayar da ita ciki, kuɗin tayoyi biyu da 'yar roba za su tsare masa tagar da sauyinta yanzu ke cin buhunan masara.