Yadda Barkwancin 'Yan Jarida Ya Haifar da Kalmar "OK"

Kalmar "OK", wadda masu jin Turanci ke furtawa don nuna amincewa, ko don bayyana cewa abu ya yi ba yabo ba fallasa, ta fara fitowa a rubuce ne ranar 23 ga Maris, 1839, a jaridar Boston Morning Post da ke birnin Boston na Amurka. A wancan zamani 'yan jaridar birnin suna da wani salon barkwanci, inda sukan gurɓata rubutun magana da gangan sannan su taƙaita ta zuwa haruffanta na farko, kuma ta haka ne "all correct", wato komai ya yi daidai, ta koma "oll korrect", aka ciro O da K. Takwarorinta na wancan yayi, irin su "O.W.", duk sun ɓace ba da jimawa ba.

Siyasa ce ta ba ta gindin zama. A zaɓen 1840, Shugaba Martin Van Buren, wanda ake wa laƙabi da "Old Kinderhook" saboda sunan mahaifarsa a jihar New York, ya nemi wa'adi na biyu, sai magoya bayansa suka kafa ƙungiyar O.K. Club, yayin da 'yan hamayya suka riƙa yaɗa cewa tsohon shugaba Andrew Jackson ne ya ƙago haruffan domin bai iya rubutu ba. Van Buren ya sha kaye a hannun William Henry Harrison, amma kalmar ta riga ta shiga bakin jama'a, daga bisani kuma masu buga wayar tangarahu suka ɗauke ta don tabbatar da isar saƙo.

An daɗe ana jingina ta da wasu harsuna, kamar harshen ƙabilar Choctaw, wanda ya sa Shugaba Woodrow Wilson ke rubuta ta "okeh", da kuma Girkanci da Wolof, har zuwa lokacin da Allen Walker Read, malami a Jami'ar Columbia, ya bi tsofaffin jaridu ya wallafa bincikensa, wanda ya danganta asalinta da barkwancin 'yan jaridar Boston, a mujallar American Speech a 1963 da 1964, kuma hujjarsa ce mafi ƙarfi domin a kan rubutattun shaidu ta dogara.

Ma'anarta a yau ta rataya ne ga muryar mai magana, domin tana iya nufin yarda da zuciya ɗaya ko haƙuri bisa tilas, kusan yadda "to" take a Hausa, kuma Hausawa da dama kan haɗa su biyun su ce "to, oke".