Mutumin da Ya Yi Shekaru Yana Ƙirga Lilo

'Yar uwa, kin san agogon bangon nan irin na da, mai wani ƙarfe a ƙasa da yake kai-kawo dare da rana? To akwai mutumin da ya ci abinci da irin wannan ƙarfe mai lilo kusan shekara ashirin. Sunansa Charles Peirce, ɗan Amurka, an haife shi a 1839. Duniya ta fi saninsa da falsafa da ilimin manɗiƙi, amma albashinsa daga hukumar auna ƙasa da gaɓar teku ta Amurka yake fitowa. Mahaifinsa Benjamin, shehin malamin lissafi a Jami'ar Harvard, shi ne shugaban hukumar a 1872 lokacin da aka damƙa wa ɗan aikin auna nauyi. Kin ga dai gata.

Me ake aunawa? Ƙarfin da ƙasa take jawo abu da shi, wanda ke sa ludayi ya faɗi in ya suɓuce miki. Ashe ƙarfin nan ba ɗaya ba ne a ko'ina. Duniya ba dunƙulalliya ba ce sak kamar ƙwallo, ta ɗan baje a tsakiya, ta ɗan lotsa sama da ƙasa. Inda jan ya fi ƙarfi, lilon ya fi sauri; inda ya ragu, sai ya ɗan yi nawa. Saboda haka in ka ƙirga kai-kawonsa a garuruwa daban-daban, za ka gano siffar duniya ba tare da ka zagaye ta da igiya ba. Sai dai bambancin ƙanƙani ne ƙwarai, mutum ya wuni a ɗaki yana ƙirge, ko zafin ɗakin sai an rubuta.

A 1875 ya tafi Turai, ya karɓi sabon ƙarfen lilo daga maƙeran Repsold na Hamburg a Jamus, irin wanda manyan masana suke taƙama da shi. Nan fa ya lura da abin da ya fi burge ni. Ƙafafun da aka ɗora lilon a kai su ma suna ɗan rausayawa, motsin da ido ba ya gani, kamar tukunya a kan murhun da dutsensa ɗaya bai zauna ba. Ke nan lissafin da aka yi a baya duk akwai kuskure. Wasu manya suka ƙi yarda. Ya auna motsin, ya koma taronsu na Stuttgart a 1877 da hujjojinsa, suka sallama.

Gida kuwa babu daɗi. Matarsa ta fari, Zina, ta bar shi, ya zauna da wata mai suna Juliette tun kafin a raba auren. Ko da ya aure ta a 1883, maganar ta riga ta fasu, Jami'ar Johns Hopkins ta sallame shi daga koyarwa a 1884. Ga shi da taurin kai, ga jan ƙafa wajen miƙa rahoto. Babban rahoton da ya miƙa a 1889 hukumar ta ƙi bugawa, ƙarshen 1891 kuma aka sa shi ya ajiye aiki.

Allah Sarki, sauran rayuwarsa a garin Milford ya yi ta cikin bashi da sanyi, har abokinsa William James ya riƙa haɗa masa taimako daga abokai. Ya rasu a 1914. Juliette ce ta yi jinyarsa, ita ce kuma ta miƙa wa Harvard tulin takardunsa, ta ci gaba da zama a gidan nan har ta rasu a 1934.