Alli da Bashi: Malamin Nijeriya a Zamanin SAP

A shekarar 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙaddamar da shirin tsuke bakin aljihu da aka sani da SAP, bisa tsarin da Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya suka shata wa ƙasashen da bashi ya yi wa katutu. Kafin shirin, naira ta fi dala daraja a farashin gwamnati. Zuwa 1993 sai da kusan naira 22 ake sayen dala ɗaya. Albashin malami bai bi sawun farashin kaya ba. Ɗakunan karatu suka daina samun sababbin littattafai, ƙwararrun malaman jami'a da dama suka nufi ƙetare.

Malaman ba su naɗe hannu ba. Ƙungiyar ASUU ta shiga yajin aiki a 1988, gwamnati ta haramta ta, ta tsare wasu shugabanninta, ciki har da Dakta Attahiru Jega. Yajin aikin 1992 kuwa ya share fagen dokar harajin ilimi ta 1993, wadda ta ɗora wa kamfanoni kashi 2 cikin ɗari na ribarsu. Daga nan TETFund ta samo asali.

A shekarun da ake ce wa malami ya ƙara haƙuri domin baitulmali ya bushe, dukiyar ƙasa tana kwarara zuwa bankunan Turai. A 2017 Suwizalan ta amince ta maido da dala miliyan 321 daga kuɗaɗen da iyalan Janar Sani Abacha suka ɓoye. Ashe kuɗin suna nan. Aji ne ba su nufa ba.