Yadda Ganuwar Tsaro Ta Iso Kwamfutar Gida

A farkon zamanin intanet, sa'ad da masu mu'amala da ita ba su wuce malaman jami'o'i da ma'aikatan bincike ba, waɗanda akasarinsu sun san juna, kuma amana ce ginshiƙin hulɗarsu, ba a damu ƙwarai da rufe ƙofa ba. Wannan gafala ta ƙare ran 2 ga Nuwamba, 1988, yayin da Robert Morris, ɗalibi a Jami'ar Cornell ta Amurka, ya saki wata manhaja mai hayayyafa da kanta, wadda ta yi ta kutsawa cikin na'urori har ta durƙusar da dubbai.

Hikimar da masana suka duƙufa a kanta bayan wannan fitina mai sauƙin fahimta ce. Kowace kwamfuta tana da ƙofofi fiye da 65,000 da saƙo ke bi, saboda haka sai a naɗa mai gadi, tamkar sarkin ƙofa a birni mai ganuwa, ya binciki inda kowane saƙo ya fito da ƙofar da ya nufa, sa'an nan ya ba shi izini ko ya hana; wannan ita ce ganuwar tsaro. A 1994 William Cheswick da Steven Bellovin na Bell Labs suka wallafa littafin da ya zama madogara a fannin, kuma a shekarar ce kamfanin Check Point na Isra'ila ya fitar da manhajar FireWall-1, wadda ke tuna ko saƙon da ya iso amsa ce ga tambayar da aka aika daga ciki, ko kuwa baƙo ne da ba a gayyata ba.

Amma duk wannan na manyan ma'aikatu ne. Mai gida, da yake ta wayar tarho yake shiga ya fita cikin ɗan lokaci, bai zama abin farauta sosai ba sai da layukan da ba sa yankewa dare da rana suka yawaita. A lokacin ne manhajar ganuwa ta ZoneAlarm ta shahara, domin kyauta ake samunta, kuma tana tuhumar mai fita kamar yadda take tuhumar mai shiga.

Abin mamaki, Windows XP da Microsoft ta fitar a 2001 ta zo da tata ganuwar, amma a kashe, sai wanda ya sani ya kunna, ga shi kuwa masu sanin ƙalilan ne. Annobar Blaster a Agustan 2003, da ta Sasser a 2004, wadda wani matashi Bajamushe ya rubuta, suka riƙa kama na'ura ba tare da mai ita ya taɓa kome ba, illa iyaka ya haɗa ta da layi. Ala tilas Microsoft ta mai da ganuwar a kunne tun asali cikin gyaran da ta fitar a Agustan 2004, kuma a ganina wannan hukunci ya fi kowace dabarar da ta gabata amfani ga talaka, wanda ba ya taɓa tsarin da ya tarar. Daga nan masu kutse suka karkata ga wasiƙun yaudara, waɗanda mai gida ke buɗewa da hannunsa.