Ayaba da Jini: Kisan Ciénaga a Tarihi da a Ƙagaggen Labari

A watan Nuwamba na 1928, dubban ma'aikatan gonakin ayaba a arewacin Kolombiya suka shiga yajin aiki. Kamfanin United Fruit na Amurka suke yi wa aiki, amma ta hannun 'yan kwangila, don haka kamfanin bai ɗauke su a matsayin ma'aikatansa ba. Cikin buƙatunsu akwai diyya ga wanda ya ji rauni a bakin aiki, da hutun rana ɗaya a mako, da daina biyansu da takardun da ba sa ci sai a kantunan kamfanin.

Gwamnatin Miguel Abadía Méndez ta tura sojoji ƙarƙashin Janar Carlos Cortés Vargas. A daren 5 ga Disamba, wayewar garin 6, sojojin suka buɗe wuta a kan taron da ke dandalin tashar jirgin ƙasa ta Ciénaga. Janar ɗin ya ce mutum 47 ne suka mutu a rikicin baki ɗaya. Jakadan Amurka kuwa ya aika wa gwamnatinsa rahoto cewa sun haura dubu. Har yau ba a daidaita a kan adadin ba.

Lokacin nan Gabriel García Márquez bai cika shekara biyu ba. A Aracataca, cikin yankin ayabar, ya tashi a hannun kakanninsa. Kakansa, Kanar Nicolás Márquez, ya yi yaƙin basasar 1899 zuwa 1902, kakarsa kuma mai ba da labarin fatalwa ce kamar tana ba da labarin kasuwa. Daga bakin waɗannan biyu ya gaji salonsa.

A 1967 aka buga littafinsa Cien años de soledad, wato Shekaru Ɗari na Kaɗaici, a Buenos Aires. Labarin zuriyar Buendía ne, tsatso bakwai, a garin Macondo. A ciki mun ga José Arcadio Segundo ya farfaɗo a jirgin ƙasa maƙare da gawawwaki fiye da dubu uku. Da ya dawo gida, kowa ya ce masa babu wanda ya mutu. Sai ruwan sama ya tsuge kusan shekara biyar, kamfanin ya tattara ya tafi.

Mu masu karatu mukan ɗauki ruwan nan a matsayin abin al'ajabin littafin. Amma wanne ya fi ban mamaki, ruwan shekara biyar ko garin da aka sa ya manta da mamatansa? Na farkon ƙirƙira ce; na biyun kuwa hukumomi sun sha gwada shi.

Sai dai akwai abin lura. Marubucin da kansa ya faɗa daga baya cewa ya kumbura adadin don ya dace da girman labarin, ga shi kuma mutane da yawa sun riƙe dubu ukun tamkar ƙidayar tarihi. Littafin ya hana a binne maganar Ciénaga, amma bai ƙirga mana gawawwakin ba. Wannan aikin yana nan yana jiran masana tarihi.