Shirin 3MTT da sauyin sana'o'in kwamfuta a Najeriya

A farkon shekarun 2000, iya buga takardu da gyaran kwamfuta sun isa su ciyar da matashi, kuma shagunan intanet sun cika birane. Yaɗuwar wayoyin zamani ta durƙusar da yawancinsu. Yau kamfanoni na neman masu ƙirƙirar manhaja, masu nazarin bayanai da ƙwararru kan tsaron intanet da ƙirƙirarriyar basira.

Don cike wannan giɓi, ma'aikatar sadarwa ƙarƙashin Bosun Tijani ta ƙaddamar da 3MTT a 2023, tare da hukumar NITDA, da burin horar da mutum miliyan 3. Sai dai tsadar data da ƙarancin lantarki na kawo wa ɗalibai cikas, kuma ma'aunin nasarar shirin shi ne yawan waɗanda suka samu aiki bayan horo.