Shahadar Jami'a a Fazzan: Ko Kwalliya Tana Biyan Kuɗin Sabulu?

Duk shekara, da zarar sakamakon jarrabawar sanawiyya ya fito, sai tsohuwar gardama ta farka a gidajen Hausawan Sabha, daga Gurda har Mahdiyya. Uwa tana son ɗanta ya shiga jami'a. Uba yana lissafin shekara huɗu ko biyar da yaron zai yi yana ci ba ya kawowa. Shi kuwa yaron ya zuba wa sa'ansa ido, wanda ya bar makaranta tun daga i'idadiyya, ga shi yau da Hilux tasa ta kansa yana safara tsakanin nan da Gatrun. Kowannensu yana da hujja, kuma babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Abin da akan manta shi ne shahada haja ce, kamar dabino ko gishiri, ba a sanin kuɗinta sai an ga mai saye. Wanda ya bi tarihin ilimi a Fazzan a hankali zai tarar cewa tarihin masu saye yake karantawa.

Kafin a san wani abu wai shi jami'a a wannan yanki, Murzuk ce cibiya. Nan ayarin Borno da na Kano suke sauke kaya kafin su miƙe zuwa Tarabulus, kuma ana jin Hausa da Barbarci a kasuwarta kamar yadda ake jin Larabci. A wancan zamani shahadar mai ilimi ita ce ijaza: malami ya rubuta da hannunsa cewa wane ya karanci littafi kaza a wurinsa, ya kuma ba shi izinin karantar da shi. Ba a biyan kuɗin rajista, amma ana biya da shekaru, da hidimar malami, da tafiyar ƙasa. Masu sayen wannan ilimi suna da yawa. Sarki yana neman alƙali da magatakarda, attajiri yana neman mai rubuta masa wasiƙa da lissafin bashi, unguwa tana neman limami da mai raba gado. Idan wannan gari ya ƙi, malami ya naɗe buzunsa ya tafi na gaba, ijazarsa tana aiki a Gat kamar yadda take aiki a Katsina.

Babban misali shi ne Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi, wanda aka haifa a yankin Murzuk wajajen 1776. Ya yi karatu a nan arewa da ƙasar Hijaz, sannan ya gangara Borno yana malami. Da mayaƙan jihadi suka ci Birnin Gazargamu a 1808, shi Mai na Borno ya nema don ya cece shi. Shi ne ya yi musayar wasiƙun nan da Muhammadu Bello na Sakkwato a kan halaccin yaƙar Borno, ya kafa Kukawa a 1814, kuma zuriyarsa ce take riƙe da sarautar Shehun Borno har yau. Ɗan Fazzan ne da karatu ya kai shi gadon mulki a wata ƙasa, ba wanda ya tambaye shi lambar haihuwa.

Akwai wani misalin da ya fi kusa da mu, domin shi Bahaushe ne, kuma ba ɗan kowa ba. Dorugu yaro ne daga ƙasar Damagaram da aka kama aka sayar. Baturen Jamus Overweg ya 'yanta shi a Kukawa, bayan mutuwar Overweg a 1852 ya koma hannun Heinrich Barth, ya bi shi har Tumbuktu, sannan suka ratso ta Murzuk a 1855 suka wuce Ingila. A can ne J. F. Schön ya zauna da shi yana rubuta Hausa daga bakinsa, aikin da ya shiga ƙamus na 1876 da littafin Magana Hausa na 1885. Dorugu ya koma ƙasar Hausa ya yi tafinta, a ƙarshen rayuwarsa kuma ya koyar a makarantar Ɗan Hausa da ke Nassarawa a Kano, inda ya rasu a 1912. Shi kansa Ɗan Hausa, wato Hanns Vischer, ta Murzuk ya bi a 1906 lokacin da ya ƙetare sahara daga Tarabulus zuwa Borno. Jarin Dorugu duka bai wuce harshen uwarsa da harsunan da ya tsinta a hanya ba, amma ya ci da su har ya mutu, saboda masu bukatar abin da ya sani ba mutum ɗaya ba ne.

Mulkin Italiya ya karya wannan tsohuwar kasuwa bai gina sabuwa ba. Hanyar ayari ta mutu, musamman bayan jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911 kaya suka koma bin teku. Faransawa suka karɓi Fazzan a 1943, suka zauna a ganuwar nan ta Sabha har bayan 'yancin kai. Ranar 24 ga Disamba 1951, da aka ɗaga tutar Libiya, alƙaluman da aka fi ambata sun ce masu digiri a ƙasar baki ɗaya ba su kai ashirin ba, kuma kusan tara cikin goma na jama'a ba sa karatu da rubutu. Jami'ar farko an kafa ta a Bangazi a 1955, a fadar Manar da Sarki Idris ya bayar, da ɗalibai 31. Shekara huɗu bayan haka aka tono mai a Zaltan. Ƙasa mai kuɗi, babu ma'aikata: a irin wannan hali tambayar ko digiri yana da amfani ba ta ma taso ba. Duk wanda ya fito da shahada, ofis ne yake jiransa.

Daga nan aka ƙulla cinikin da ya rayu shekara arba'in. Gwamnati ta ɗauki nauyin karatu kyauta tun daga firamare har jami'a, ita ce kuma take ɗaukar wanda ya gama. Sabha tana da matsayi na musamman a wannan zamani. A nan Gaddafi ya yi karatu kafin a kore shi a 1961 saboda zanga-zanga, a nan kuma ya shelanta Jamahiriyya ranar 2 ga Maris 1977. A 1976 aka buɗe kwalejin tarbiyya a Sabha a matsayin reshen jami'ar Tarabulus, a 1983 ta zama jami'a mai cin gashin kanta, ta baza rassa zuwa Barak da Ubari da Murzuk da Gat. Ɗan kudu ya huta da tafiyar sama da kilomita 700 don neman digiri, kuma abin da ya fi wannan girma, iyayen da ba za su taɓa barin 'yarsu ta kwana a Tarabulus ba sun bar ta ta shiga aji a garinsu. Wannan alheri ne, ko maƙiyin wancan mulki ba zai musa ba.

Sai dai cinikin yana da ƙaiƙayi a ciki. Gwamnatin da take ba da karatu kyauta ita ce ta rufe shagunan 'yan kasuwa a farkon shekarun 1980, ta mayar da kanta mai saye guda ɗaya tilo. Mai saye ɗaya kuwa shi ke yanka farashi. Doka ta 15 ta 1981 ta daskarar da albashi shekara da shekaru, har ya zama malamin makaranta mai digiri yana kabu-kabu da motarsa da yamma. A 1986 aka soke koyar da Ingilishi, aka yi kusan shekara goma ana yaye ɗaliban da ba za su iya karanta littafin aikin injiniya ba, alhali kamfanonin mai da suke haƙa a bayan Ubari da Ingilishi suke aiki. Shahada ta koma tikitin shiga layin ta'ayin. Ana nemanta don albashi da fansho, ba lalle don abin da aka koya ba.

To ina Hausawa a cikin wannan? Mun kasu. Akwai tsofaffin gidaje da suka zauna tun zamanin ayari, suka zama 'yan ƙasa kamar kowa, 'ya'yansu suka shiga cinikin suka ci moriyarsa. Akwai waɗanda fari na 1973 da na 1984 ya koro daga Damargu da Adar da Damagaram, da waɗanda suka zo a shekarun 1990 lokacin da takunkumi ya sa Gaddafi ya juya fuskarsa kudu ya buɗe ƙofa. Su suka yi noman gonaki da gini da ɗinki, suka haifi 'ya'ya a nan waɗanda ba su san wani gida ba. Abin mamaki, jami'ar Sabha tana cikin 'yan jami'o'in ƙasashen Larabawa da suka buɗe sashen harsunan Afirka, inda aka koyar da Hausa da Suwahili. Harshen da ake raina mai shi a kasuwa, shi ake ba da digiri a kansa a bayan katanga.

Bayan 2011 cinikin ya warware ta fuska biyu. Ta farko ita ce lambar ƙasa, raƙam waɗani, wadda Doka ta 8 ta 2014 ta tabbatar. An yi ta ne don a kama masu karɓar albashi biyu da uku, amma ta zama ƙyaure. Ba ta'ayin, ba fasfo, ba tallafin karatu a waje sai da ita. Dubban iyalai a kudu, Abzinawa da Tubawa da waninsu, da mu a ciki, suka tsinci kansu da lambar wucin gadi, raƙam idari, wasu ma ba ko ɗaya. Yaro ya yi shekara huɗu yana zuwa lacca, ya ci jarrabawa, sannan ya tarar mai saye guda ɗayan nan ba ya saye daga hannunsa. Shawarar da gwamnatin Tarabulus ta yanke a Oktoba 2022, wadda ta ba 'ya'yan matan Libiya da suka auri baƙi damar karatu da magani kyauta, ta rage wa wasu gidaje nauyi, amma ba ta ba su zama 'yan ƙasa ba.

Ta biyu ta shafi kowa, har mai lamba. Dala tana dinari 1.4 a banki, amma a ƙarshen 2017 ta haura dinari 9 a kasuwar bayan fage, ma'aikaci kuma ya kwana a layin banki bai samu ko rabin albashinsa a hannu ba. A Janairu 2021 babban banki ya karya dinari zuwa 4.48. Ga faɗan Maris 2012, ga na 2014, ga na 2018 da ya rusa wani sashe na ganuwa, kowanne ya ci wa ɗalibai watanni. Ƙididdigar Bankin Duniya ta daɗe tana nuna kusan rabin matasan Libiya ba su da aiki. Da 'yan ƙungiyar Gadab Fazzan suka rufe rijiyoyin Sharara a Disamba 2018, aikin yi yana cikin abin da suka nema: ganga kusan 300,000 take fita a rana daga ƙasarsu, 'ya'yansu masu shahada suna zaune a inuwa.

A daidai wannan lokaci ne aka ga zinariya a Jado da Cibarakatan a 2014, hanya kuma ta buɗe. Uban da ya ce wa ɗansa ya bar boko ya kama sitiyari ba wawa ba ne. Amma a duba yadda wannan kasuwa take. Nijar ta yi doka a 2015 kan safarar bakin haure, aka kama direbobi aka ƙwace motoci a Agadas, a 2017 aka rufe Jado, a Nuwamba 2023 aka soke dokar. Arzikin da sa hannun wani a Yamai yake rufewa ya buɗe, shi ma a hannun mai saye ɗaya yake, ga shi kuma rami yana rufta wa mutane, sahara tana cinye mota da mutanenta. Muna ganin wanda ya dawo da Hilux. Wanda bai dawo ba, sai uwarsa ce take ƙirga shi.

A ganina, tambayar da ya kamata gida ya zauna a kanta ba "jami'a ko a'a" ba ce. Ita ce: wannan karatun, mutum nawa ne za su saye shi? Digirin da ba ya da kasuwa sai ofishin gwamnati, ga yaron da ba shi da lamba, asarar shekara huɗu ce idan kuɗi ake nema, ko da yake abin da ya shiga kai ba ya fita. Amma akwai karatun da ya gaji ijaza. Jinya, unguwarzoma, haɗa magunguna, gwajin jini, haƙori, lantarki da hasken rana, lissafin kuɗi, harsuna: waɗannan majinyaci ne da mai shago da mai gona suke biya, asibitoci da makarantu masu zaman kansu kuma sun yawaita a Sabha. Wanda ya haɗa Larabci da Hausa da Faransanci ko Ingilishi, ƙungiyoyin agaji da suke aiki da baƙi suna nemansa, kuma abin da ya iya yana da kuɗi a Agadas da Damagaram da Kano. Likitanci yana cin shekara shida da ta imtiyaz, ba kowane gida ne zai iya ba, amma ma'ahadan kiwon lafiya da na fasaha na shekara uku ba abin rainawa ba ne.

Lissafin 'ya mace kuma daban yake, na ga ana yawan haɗa shi da na namiji. Ita ba Jado za ta je ba, ba kuma sitiyari za ta kama ba, don haka shekarun da za ta yi a aji ba su hana gida wani kuɗin shiga mai yawa ba. Ranar da aure ya mutu ko miji ya ɓace a hanya, ungozoma mai takarda tana ciyar da 'ya'yanta.

Abu na ƙarshe aikin iyaye ne, tun kafin yaro ya zauna jarrabawar sanawiyya. A je ofishin rajista a tambaya da baki, da wace takarda za a ɗauke shi, a matsayin ɗan ƙasa ko baƙo, nawa zai biya, da wace takarda kuma za a miƙa masa shahadarsa ranar da ya gama. Wanda asalinsa Nijar ne ko Najeriya, kuma maganar lamba ba ta da ranar ƙarewa, ya nema wa ɗansa fasfon ƙasar kakanninsa, ya tabbatar sunan da ke jikinsa harafi da harafi shi ne wanda zai hau shahadar, domin a Yamai ko Abuja sai an tantance ta kafin a ba shi izinin aiki da ita.